Maganin 'Ya'yanmu Muke Kaɗa wa Kaji

Duk wanda ya taɓa shiga gonar kaji da sassafe, a Oko-Oba ne ko Ikorodu ko can Ojo, ya san ruwan nan mai launin ɗorawa. Yaron gona zai yage leda da haƙori, ya zazzage gari a bokiti, ya tsoma hannu ya kaɗa, sannan ya bi mazubai yana cikawa, kaji na ta rububi. Ka tambaye shi mene ne wannan, ya ce maganin kaji ne. Na wace cuta? "Oga ya ce a sa musu kwana biyar." Iyakar abin da aka gaya masa ke nan. Daga Jigawa ya zo ko Sakkwato ko Maraɗi neman na kansa, rubutun jikin ledar kuwa Turanci ne, ƙanana kamar ƙwayar gero, ko shi ogan bai taɓa zama ya karanta shi ba.

Na fi shekara 10 ina sana'ar ƙwai a Legas. Ina sarowa daga gonaki in raba wa masu shayi da masu tireda daga Agege har Mile 12, kuma na taɓa kiwon buroila, wato kajin nama, guda 500 a wani fili da na kama haya. Ruwan nan na kaɗa shi da hannuna ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Saboda haka ɗan gida ne ke magana. Maganin da muke zuba wa kajin da lafiyarsu ƙalau, wato antibayotik mai kashe ƙwayoyin cutar da ake kira bakteriya, shi ne wanda likita zai nema ranar da ɗanmu ya kwanta, kuma duk ranar da muka kaɗa shi muna dakushe masa kaifi. Mai kaɗawar kuma, wanda ya fi kowa buƙatar jin wannan, har yau ba a zo an gaya masa da harshen da yake ji ba.

Ranar da na fara karɓar 'yan tsaki daga motar Ibadan, na biya ta shagon magungunan kaji. Mai shagon bai tambaye ni ko wani abu na damunsu ba. Ya jero min leda uku da kwalba ɗaya: wannan daga ranar farko zuwa ta biyar, wannan bayan kowace rigakafi, wannan kuma duk lokacin da ka ga garin ya yi sanyi. Na ce ai lafiyarsu lau. Sai wani dattijo mai kiwo da ke zaune a benci ya dube ni ya ce, "Ɗana, rigakafi ya fi magani. Ranar da ka tashi ka kwashi mushe 50 za ka tuna da maganata." Na ce, "Haka ne, Baba," na biya kuɗi na kwashi kayana.

Karin maganar gaskiya ce, sai dai Baba ya ajiye ta inda ba muhallinta ba. Rigakafi shi ne irin su Lasota ta cutar Niyukasil da ta cutar Gumboro, waɗanda ke sa jikin kaza ya san cuta tun kafin ta iso. Antibayotik ba ya koya wa jiki komai. Bakteriyar da ya tarar yake kashewa, ya fita. Manyan cututtukan da ke share keji cikin kwana biyu kuwa, Niyukasil mai murɗe wuya da koren kashi, da Gumboro, da murar tsuntsaye da ta fara ɓulla a Najeriya ta Jihar Kaduna a 2006, duk bairos ne ke kawo su, wata irin ƙwayar cuta daban da bakteriya. Ko buhu guda ka juye musu na antibayotik, bairos bai san ana yi ba. Kuɗinka dai ya tafi, ya kuma bar wata ɓarnar da ido ba ya gani.

Ga yadda ɓarnar take. A hanjin kowace kaza akwai bakteriya bila adadin. Idan magani ya shiga, raunana su mutu, 'yan tsiraru masu taurin rai su tsira. Fili ya zama nasu, abinci ya zama nasu, su yi ta hayayyafa. Akwai irin da ke ninka yawanta cikin minti 20 idan ta sami wuri mai daɗi. Kafin zubi na gaba, jikokin waɗanda suka tsira ne suka cika kejin. Mu kuma muna taya su da hannunmu: ledar da aka ce ta lita 100 ce sai mu baza ta a duro na 200 don tsada, ko mu tsayar da magani a rana ta biyu da zarar kaji sun miƙe sun fara cin abinci. Magani kaɗan-kaɗan kullum horo ne kawai ake ba ƙwayar cuta. Tun 1945 Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi wannan gargaɗi a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel, cewa shan abin da bai kai ƙima ba zai sa ƙwayoyin cuta su saba da maganin.

Ba sai mun je Turai neman misali ba. Duk wanda ya manyanta ya san kulorokwin. Da can ƙwaya kaɗan ka sha, ka yi ƙaiƙayi, zazzaɓi ya sauka. A hankali ya zama sai a sha a sake sha babu labari, har a 2005 Najeriya ta sauke shi daga matsayin maganin farko na maleriya. Ƙwayar maleriya ba bakteriya ba ce, amma hanyar da muka bi muka rasa kulorokwin ita ce muke kai yanzu da antibayotik.

Wani zai ce ai na kaji daban, na mutane daban. Ni ma haka na ɗauka har ranar da na sa wani ɗalibin likitan dabbobi ya karanta min ledojin ɗaya bayan ɗaya. Garin ɗorawan nan oksitetirasaikilin ne, ɗan'uwan kafso ja da yalo da iyayenmu ke farkewa su zuba wa kajin gida a kasko. Jentamaisin da muke yi wa kaji, shi ake yi wa jarirai sabuwar haihuwa idan cuta ta shiga jininsu. Tailosin dangin eritromaisin ne da ake ba mutane. Enrofuloksasin kuwa, idan ya shiga jiki, wani kasonsa sifro yake komawa, sifron da ake rubuta wa mai taifot da mai ciwon fitsari. Saboda haka ne ma Amurka ta hana ba kaji shi a 2005, bayan an ga ƙwayar cutar gudawa da mutane ke ɗauka daga kaji ta fara ƙin jin maganin.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne kolistin. Tsohon magani ne da likitoci suka ajiye shekaru da dama saboda yana taɓa ƙoda, sannan suka dawo da shi dole, ya zama abin da ake ɗaukowa idan komai ya gaza a kan mara lafiya. A 2015 masu bincike a Sin suka gano wani gado a jikin bakteriyar dabbobi da ke sa ta bijire wa kolistin, kuma gadon yana iya tsallakawa daga wannan irin bakteriya zuwa wancan, tamkar a miƙa wa maƙwabci laƙani. Sin ta hana zuba shi a abincin dabbobi don ƙiba a 2017. An riga an sami wannan gado a kaji a nan Najeriya. Amma je ka shagon kayan kaji yau, za ka tarar da kolistin a gauraye cikin ledar da ake miƙa wa kowa, ba takardar likita, ba tambaya.

To ta ina abin ke isowa gare mu? Tsaya minti goma a wurin masu figar kaji a kowace kasuwar Legas. Duro ɗaya na ruwan zafi, kaza 100 ta shiga ta fita tun safe. Katako ɗaya, wuƙa ɗaya. Kayan ciki a gefe, ruwan wanki ya bi kwata, kwata ta kai shi rafi. Mai figar, wanda galibi namu ne, ya goge hannu a riga ya karɓi kuɗi, ya gutsiri burodi. Kashin kaji kuma a cika buhuna a kai wa masu lambu, su ma galibi namu ne, su zuba wa latas da albasa mai ganye da za a ci ɗanye. Wasu su kwashe hanji da matattun kaji su jefa wa tarwaɗa a kududdufi. Dafuwa mai kyau tana kashe bakteriyar da ke jikin nama, wannan haka ne. Amma hannun da ya taɓa ɗanyen naman, da faranti, da wuƙar da aka yanka tumatir da ita daga baya, ba wanda ya dafa su. Ragowar maganin da ke cikin nama da ƙwai kuma, wuta ba ta ƙone shi duka.

Bara waccan 'yar ƙanwata, yarinya 'yar shekara 6, ta kamu da ciwon fitsari. An ba ta magani na sha, ba sauƙi. An canza wani, zazzaɓi ya ƙi sauka. Sai aka ɗauki fitsarinta aka kai gwaji, bayan kwana uku aka miƙo mana takarda. Sunayen magunguna ne a jere, gaban kowanne an sa harafi. Likitar ta bi da biro tana nuna wa uwar: wannan ba ya ji, wannan ba ya ji, wannan ma haka. Biyu kacal suka rage a ƙasa, duka na allura, duka masu tsada. Mako guda muka yi a asibiti. Ina tsaye a bayan ƙanwata ina kallon takardar, sai na ga sunayen da na sani daga shagon kaji. Yarinyar ta warke, alhamdu lillahi. Ba kuma na ɗora wa kaji ciwonta, domin mu mutane muna da namu babban kason: mai kemis da ke ƙirga maka kafso huɗu gwargwadon kuɗinka, da mai tallar magani a faranti cikin rana, da mu da ke shan antibayotik don mura. Amma tun ranar ban sake kallon ruwan ɗorawan nan da ido ɗaya ba.

Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka rasu a duniya kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani, adadin da ya zarce na ƙanjamau, ya zarce na maleriya. Yankin da ya fi kowanne yawan mace-macen gwargwadon jama'arsa shi ne namu, Afirka ta Yamma, wajen mutum 27 cikin kowane 100,000. Kason Najeriya an ƙiyasta shi a 64,500. Ba a rubuta wannan a takardar mutuwa. Cewa ake yi ciwon ya yi tsanani, ko jegon ya zo da gardama, ko jaririn bai zo da kwana ba.

Yanzu bari in tsaya wa mai kiwo, don na san inda takalmin ke matsa masa, ko in ce na san zafin da ke cikin aljihunsa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin ɗauko masara da waken suya daga Arewa ya tashi, buhun abincin kaji ya bi shi. Mutum ya ci bashi ya zuba buroila yana lissafin mako shida zuwa takwas ya fitar kafin Kirsimeti ko Sallah. Kaza goma ta mutu masa a dare, gabansa ya faɗi. Likitan dabbobi yana nesa kuma sai an biya, gwaji sai an jira kwanaki, mai shago kuwa yana bakin titi, shawararsa kyauta, kuma shi ribarsa tana cikin yawan abin da ya sayar. Wa kake jin zai nufa?

Sai batun kwanakin jira. A jikin kowace leda ta gaskiya an rubuta kwana nawa za a dakata bayan gama magani kafin a yanka kaza ko a ci ƙwanta, wasu ma an rubuta ƙarara kada a ba kaza mai yin ƙwan da mutane za su ci. Amma ɗauki mai kaji 2,000 da ke kwashe kiret 50 a rana. Ka ce ya zubar da ƙwan mako guda, kiret 350 ke nan, alhali kajin ba su daina cin abinci ba. Wa zai biya shi? Babu. Don haka ƙwan yana fita kasuwa, mu masu sari mu ɗauka, mai shayi ya fasa a kan indomi, ɗan acaba da leburan gini su ci su tafi aiki. Akwai ma abin da ya fi wannan muni, kuma kowa a harkar ya san shi: idan cuta ta shiga buroila, sai a ɗirka musu magani yau, gobe a kira dillali ya kwashe da araha kafin su zube. Wannan kam ba talauci ba ne, algus ne, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Dillalin da ya saya yana sane, shi ma yana ciki.

Hukumomi ba a ce ba su yi komai ba. Najeriya ta fitar da tsarin ƙasa na yaƙi da wannan matsala na 2017 zuwa 2022 ƙarƙashin jagorancin NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, ta sake fitar da na biyu a 2024. NAFDAC ta haramta kuloramfenikol da furazolidon a dabbobin da ake ci. A 2024 an kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya. Kowace shekara daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba ana makon faɗakarwa na duniya. Abin da nake tambaya shi ne, wa ake faɗakarwa? Taro a ɗakin otal a Ikeja, da Turanci, likitoci na yi wa likitoci jawabi. Ko an gayyaci masu gona, ogan ne zai je ya karɓi jaka da littafi. Yaron da ke kwana a gefen keji, wanda shi ke auna magani da murfin kwalba, shi ke shaƙar ƙurar kashin, shi ne kuma farkon wanda ƙwayar cutar za ta hau, ba wanda ya san da zamansa.

Ba wani abu mai wuya nake nema ba. A ɗauki likitan dabbobi mai jin Hausa, ga su nan birjik daga Zariya da Sakkwato da Maiduguri, ya yi bayanin minti uku a murya, a tura ta WhatsApp. Kafin Juma'a ya zagaye Agege da Idi-Araba da Alaba Rago. A yi irinsa da Yarabanci da Buroka. A shiga ta fadar sarakunan Hausawa da shugabannin masu sayar da kaji da limaman unguwa, su ne ake jin maganarsu. A tilasta wa kamfanoni su sa hoton ƙwai da kaza da adadin kwanakin jira da manyan lambobi a gaban leda, yadda wanda bai yi boko ba zai gane. Kolistin da dangin sifro kuma a ɗauke su daga kanta gaba ɗaya, sai da takardar likitan dabbobi. Gwamnatin Legas ta sa wurin gwaji mai rahusa kusa da inda gonaki suka taru, irin Erikorodo da Aiyedoto, yadda mai kiwo zai kai mushe da safe a buɗe a gaya masa abin da ke kashe masa kaji. Tarayyar Turai ta hana antibayotik na sa ƙiba tun 2006, Holan ta rage abin da take ba dabbobi fiye da rabi cikin 'yan shekaru bayan 2009, kuma ba su daina cin kaza ba.

Abin da ya rage min mutuwar kaji a zubina na ƙarshe ba daga leda ya fito ba. Na rage yawansu a ɗaki don su sami iska. Na daina barin garin katako ya jiƙe a ƙarƙashin mazubin ruwa, domin a nan kashin jini ke farawa. Na ajiye ruwan kashe ƙwayoyin cuta a bakin ƙofa, na hana dillalai shiga da takalmin da suka taka wata gona. Rigakafi kuma na koyi ɗauko ta a fulas da ƙanƙara, domin ƙwayar da ke cikinta mai rai ce, awa biyu a cunkoson titin Ikorodu cikin aljihu na iya lalata ta, haka ma ruwan famfo mai kulorin. Da yawa daga cikin masu cewa rigakafi ba ta aiki, matacciya suka ba kajinsu, sannan suka koma ga antibayotik. Idan na fitar da kaji sai in wanke ɗakin in bar shi ya huta mako biyu. Sau ɗaya na yi magani a zubin nan, bayan likita ya duba, na ba su cikakke har ƙarshe, na ƙirga kwanakin jira a bango da gawayi.

Yanzu duk gonar da nake ɗaukar ƙwai sai na tambaya ko ana kan magani, kuma yaran nake tambaya da Hausa, don su ba sa ɓoye min. A watan jiya wata gona da na fi shekara huɗu ina hulɗa da ita suka ce kwanansu biyu da farawa. Na ce wa mai gonar zan dawo bayan kwana goma. Ransa ya ɓaci, ya ce ni kaɗai ne mai wannan tsirfa, kafin yamma wani ya zo ya kwashe ƙwan tas. Na sayo a wani wuri da tsada, na ɗora kaɗan a kan kiret. Wani mai shayi a Agege da muka daɗe tare ya ce min, "Yaya, ƙwai ai ƙwai ne." Na zauna a bencinsa na ba shi labarin takardar 'yar ƙanwata, ya yi shiru, ya karɓi kiret biyu maimakon biyar da ya saba. Wasu mutum biyu sun koma wajen wani mai sari, har yau ba su dawo ba.